Lubabatu da Ƙarar Ruwa

Na daɗe ina juya wannan labari a raina kafin in yarda ya hau takarda. Da farko dai kunya ce ta riƙe ni, don ban san wace irin 'ya ce za ta zauna ta rubuta maganar fitsarin sa'ar uwarta ba. Bayan kunyar kuma akwai wani zato da na dawo da shi daga shekara bakwai na karatu a ƙasa mai nisa. A can na ga takardu jere a asibiti, da zane-zane, kowace tsoka da sunanta. Sai na ɗauka a wajenmu, tunda babu takardun, shiru kawai mata suke yi da irin wannan larura har a kai su kabari, don haka babu abin ba da labari. Ban kuma yi tsammanin matse wata tsoka da ido ba ya gani zai zama abin da zan tsaya ina mamakinsa ba. Inna Lubabatu, maƙwabciyar mahaifiyata a Wudil, ita ta ce in rubuta. Sharaɗi ɗaya ta sa mini. Abin da ya shafi jikinta in faɗa yadda na ga dama, amma abin da ya shafi jikin matattun da ta wanke ba za ta gaya mini ba, kada ma in tambaya.

Inna Lubabatu mai wankan gawa ce.

A Indabo aka haife ta, aure ya kawo ta Wudil gidan Malam Hashimu, mai gyaran injin ban-ruwa na masu lambu a bakin kogi. Haihuwarta tara, bakwai suna raye. Ba gadon wankan ta yi ba. Wata rana ce tsohuwar da ke yi wa matan unguwa ta karye a hannu, aka rasa mai zuba mata ruwa, duk matan da ke tsakar gidan suka sunkuyar da kai, Lubabatu ta miƙe. Shekara ashirin da biyu ke nan.

Duk wanda ya san ta ya san tsarinta. Ba ta yarda da ruwan sanyi, ba ta yarda da mai zafi, sai ta tsoma gwiwar hannu ta ji kamar za ta yi wa jariri wanka. Ganyen magaryarta da kanta take dakawa, kafur kuma yana ɗaure a bakin zanenta. Ba ta kwara ruwa da bokiti, da ƙoƙo take zubawa, a hankali, ta fara da dama. In ta rufe ƙofa ba ta buɗe ta sai ta ɗaure likkafani. Har abin ya zama alama a unguwa da ƙauyukan da ake kiranta: in aka ga Lubabatu ta fito, an gama, sai a aika wa maza su shigo da makara.

Da al'ada ta ɗauke mata, tana da hamsin ba ɗaya, murna ta yi. A da in aka aiko tana fashin salla, haƙuri take bayarwa a nemi wata. Yanzu babu ranar da za a kira ta ta ce a'a. Zufar da ke keto mata ba dalili da zafin da ke taso mata a fuska duk ba ta ɗauke su komai ba.

Sai abin ya fara da ɗigo. In ta yi tari, ɗigo. In ta ɗaga bokiti, ɗigo. In Malam ya ba ta dariya, ta tashi ta canza zane. Ta koma ɗaura ƙunzugun da ta yi zaton ta rabu da shi har abada, ta ce tsufa ne. Bayan wata kamar shida sai wani abin ya ƙaru, wanda ya fi na farko mugunta. Tana zaune lafiya lau, da ta ji ƙarar ruwa yana zuba, ko daga buta ne, sai fitsari ya taso mata lokaci guda kamar an shaƙe ta a mara. Ba gargaɗi, ba jira. Ko yanzu ta fito daga bayi, in aka tsiyaya ruwa kusa da ita sai ta koma da gudu.

Aikinta kuwa gaba ɗayansa zuba ruwa ne.

A Kausani abin ya fara kunyata ta. Wata matar manomi ce ta rasu da hantsi. Lubabatu ta yi wankan farko, ta shiga na biyu, ruwa yana sauka a baho, sai abin ya taso. Ta cije, ta ƙara ƙoƙo ɗaya, ta ga ba hali. Ta ja zane ta rufe mamaciyar, ta buɗe ƙofa, ta ratsa matan da ke zazzaune a tsakar gida ta nufi makewayi. Ba wanda ya tambaye ta, don ba a tambayarta. Wata dattijuwa ta leƙa zaure ta ce an gama. Ko da Lubabatu ta dawo, sai ta tarar da maza huɗu tsaye a ƙofar ɗakin da makara, mijin marigayiyar a gaba, yarinyar da ke taya ta zuba ruwa ta tokare ƙofa da bayanta tana kuka.

Lubabatu ta ce musu, "Ku koma, da saura."

Suka koma. Amma ta ga yadda mijin ya dube ta, ba da fushi ba, da irin kallon mai tambayar me aka gani a jikin matarsa da ya sa mai wanka ta gudo. Wannan kallon ya bi ta har gida.

Daga ranar ta yanke wa kanta magani. Tunda ruwa ke fita, to kada ya shiga. In gari ya waye ba ta shan komai sai shayi kofi ɗaya mai kauri, don ya riƙe ta. In ƙishirwa ta dame ta, ta ɓalla goro ta jefa a baki. Ruwa sai bayan magariba, shi ma kurɓi uku. Ga shi ba ta san ranar da za a aiko ba, mutuwa ba ta sallama, don haka kullum a shirye take, kullum a bushe.

An gudu daga gidan gara an faɗa gidan zago. Fitsarin ya koma ja kamar ruwan zoɓo, yana fita da zafi, kuma matsuwar ba ta ragu ba, ƙaruwa ma ta yi. Bayan gida ya ɗaure mata, sai ta yi ta yunƙuri. A tsakiyar bazara aka kira ta Darki, tana sunkuye a kan aiki jiri ya kwashe ta, ta dafa bango ta daɗe ba ta ganin komai sai duhu. Ta dai ƙarasa. Da ta dawo ta ɗauki ƙoƙon ta kife shi a bayan randa, ta ce wa Malam in an aiko ya ce gwiwa ta hana ta.

Wata biyu ana aikowa ana komawa. Ita kuwa tana ɗaki tana jin muryar ɗan aike a zaure, tana jin Malam yana ba da haƙuri.

Akwai mutum ɗaya da ba ta iya ɓoye wa ba. Sunanta Uwa, taubashiyarta ce, 'yar kawunta, ta girme ta da shekara goma sha biyar, gidanta yana bayan masallacin unguwa. Tun suna Indabo ba sa haɗuwa ba su yi tsiya ba. Ciwon zuciya ya kwantar da Uwa tun bara, ƙafafunta sun kumbura, likita ya gaya wa 'ya'yanta gaskiya, ita ma ta sani. Kuma tun da daɗewa ta bar wasiyya a gaban jama'a cewa in ta riga mu gidan gaskiya, ba ta yarda kowa ya taɓa ta ba sai Luba.

Ranar wata Talata da la'asar Lubabatu ta je dubiya. Aka kawo mata ruwan randa a kwanon sha, ta karɓa ta ajiye gefe.

Uwa ta ce, "Sannu mai gwiwa. Na ga kin tsallako kwatar ƙofar gidan nan kamar akuya."

"Ke da kike kwance ina kika gan ni?"

"Ta taga. Ba ni da aikin yi sai leƙen gurguwa. Sha ruwa."

"Na ƙoshi."

"Zuwanki uku ke nan kina ƙoshi. Leɓenki kamar bayan kada. Luba, ni dai tunda uwata ta haife ni ban taɓa jin ciwon gwiwar da ke hana mace shan ruwa ba." Ta yi tari, ta huta, ta ce wa jikokinta su fita su ja ƙofa. "To faɗa mini. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ke kika fi kowa sani. Ke za ki ga nawa, ni ba zan ga naki ba?"

Lubabatu ta gyara zama. Sannan ta faɗa, da Kausani da Darki da komai, idonta a kan tabarma.

Uwa ta yi dariya har sai da numfashinta ya sarƙe. "Fitsari! A kan fitsari za ki bar ni a hannun matar liman, wadda ke wanke mutum kamar tana wanke tukunyar waina?"

"Yaya, ba abin dariya ba ne. In na fito na bar ki a buɗe fa? In maza suka zo ƙofa?"

Dariyar ta tsaya. Uwa ta ce, "To kada ki fito. Ga Khaulat nan, aikinta ke nan. Je ki gaya mata."

Khaulat surukar Uwa ce, matar ɗanta, ma'aikaciyar jinya a ɓangaren mata. Lubabatu ce ta yi mata wankan jego a haihuwarta ta fari, saboda haka 'ya take ɗaukarta.

"In buɗe wa 'yar cikina baki in ce ina jiƙa zane? Gobe a ce Lubabatu na yoyon fitsari, a daina cin abincin hannuna?"

"To zauna. Ni dai ba zan mutu ba sai kin gyaru, in kuma na gaji da jira alhakin yana wuyanki."

Kwana huɗu ta yi tana kai gwauro tana kai mari, a na biyar ta saka hijabi ta je asibiti. Khaulat ta shigar da ita wani ɗaki ta rufe, ta durƙusa ta gaishe ta kamar a gida, sannan ta zauna ta saurara. Aka gwada fitsarin, aka gwada suga. Suga lafiya. Fitsarin kuwa da 'yan ƙwayoyin cuta, aka ba ta magani na 'yan kwanaki. Wata likita mace ta duba ta, ta ce babu wata ɓula, wannan ba yoyon da ake samu a doguwar naƙuda ba ne, ta rubuta mata wani man shafawa saboda bushewar da ɗaukewar al'ada ke kawowa.

Khaulat ta ce, "Gwaggo, kin san zariyar wando in ta tsufa? Akwai tsoka a ƙasan mara da ke riƙe da mafitsara da mahaifa, ita ke tsuke bakin fitsari. Haihuwa tara ta ja ta, ɗaukar ruwa ya ja ta, da al'ada ta tafi sai ta ƙara saki. Amma ita ba zare ba ce, nama ce. In ana motsa ta tana dawowa."

"Ta ina zan kamo ta in motsa?"

"Kamar kina cikin mutane tusa ta zo miki, kin riƙe."

"Ke Khaulat! Ni kike gaya wa haka?"

"Allah ya ba ki haƙuri Gwaggo, ba ta da wani kwatance. Ki tsuke, ki ja sama, ki ƙirga biyar, ki saki gaba ɗaya. Sau goma, sau uku a yini. Kada ki riƙe numfashi, kada ki matse cinya. In za ki yi tari ko ɗaga abu, ki tsuke tukuna. Kuma ki koma shan ruwa."

"Ruwan da ke kashe ni?"

"Rashinsa ke kashe ki. Fitsari in ya yi kauri yana cizon mafitsara, sai ta yi ta zabura tun ba ta cika ba. Goro da shayin nan kuma zuga ta suke yi. Ki sha kaɗan-kaɗan tun safe, ki yawaita zogale da rama don cikinki ya saki. In matsuwar ta taso, kada ki ruga. Ki tsaya cak, ki tsuke ki saki da sauri sau biyar ko shida, ki ja numfashi. Za ta hau, za ta sauka. In ta sauka sai ki tafi a hankali. Yau ki jinkirta minti biyar, wani mako goma. Ta saba ne da ba ki umarni, sai ki koya mata jira."

"Kwana nawa?"

Khaulat ta ce, "Wata uku, kafin a ga na kirki."

Ba wadda ta ambaci Uwa a cikinsu, amma kowacce ita take lissafawa.

Ta tambayi malamar Islamiyyarsu ma, a keɓe. Malamar ta ce mata wanda abu ke kuɓuce wa ba da ikonsa ba addini ya yi masa rangwame, kuma ɗigon da ya fita daga mai wanka ba ya ɓata wankan mamaci. Lubabatu ta yi godiya, hankalinta ya kwanta ta wajen salla. Amma ta ce a ranta, ni ba ɓacin wankan nake tsoro ba, buɗe ƙofar nake tsoro.

Ta kama aiki. Bayan asuba goma, bayan azahar goma, bayan la'asar goma. Khaulat ta ce ta ƙirga da carbi, ita kuwa ta ce Allah ya kiyaye, carbin da take salati da shi. Sai ta ware ƙwallayen dabino goma a gwangwanin madara, in ta tsuke sau ɗaya ta jefa ɗaya a cinya. Makon farko ko ƙirga uku ba ta kaiwa tsokar ta sake. Rabuwa da goro ta fi komai wuya, kwana biyar kanta yana sarawa, tana faɗa da kowa har da kaji.

Zuwa mako na huɗu tari ya daina cin ta, in ta shirya masa. Amma ƙarar ruwa tana nan daram. Da an tsiyaya buta sai ta miƙe.

Abin da ta yi daga nan ba Khaulat ce ta koya mata ba. Ta zauna ta yi tunani, ta ce in jaki yana tsoron gada, ba kewaye ake yi da shi ba, kullum ake kai shi bakinta. Ta ciro ƙoƙonta daga bayan randa. Ta naɗe tsohuwar tabarma ta ɗaure da tsumma a wuri uku, ta shimfiɗa ta a kan benci a tsakar gida, ta sa baho a ƙasa, ta rufa mata zane. Da hantsi, in gida ya yi shiru, sai ta sha rabin kofin ruwa, ta zaga, ta dawo ta yi bisimilla ta fara yi wa tabarmar wanka. Dama, hagu. Ta juya ta, ta zuba. Duk inda matsuwar ta taso sai ta tsaya da ƙoƙo a hannu, ta tsuke, ta jira. In ta fi ƙarfinta ta tafi, ta sa alama a ranta inda ta tsaya, gobe ta nemi wuce wurin da ƙoƙo ɗaya.

Malam Hashimu ya dawo ɗaukar sifanar gyaran inji wata rana ya tarar da ita. Ya tsaya riƙe da labulen zaure.

"Inna lillahi. Wa ya rasu?"

"Tabarma."

"Allah ya jiƙanta, ta sha zama. Ke lafiyarki kuwa?"

"Ita nake nema, Malam. Ɗauki abinka ka tafi, kana tsaye a kan mamaciya ba izini."

Ya tafi yana girgiza kai. Washegari kuwa, ba tare da ta roƙa ba, kafin ya fita ya cika mata baho biyu ya ajiye kusa da bencin. Haka ya riƙa yi kullum, bai ƙara tambaya ba.

A wannan halin na fara ganinta, ranar da mahaifiyata ta aike ni da saƙo. Na yi sallama ba a amsa ba, na shiga. Ga mace tsaye a rana, ƙoƙo a sama, ruwa ya tsaya a bakinsa, idonta a rufe, ba abin da ke motsi a jikinta. Na tsaya ban san me nake kallo ba. Can ta buɗe ido, ta ci gaba da zubawa a kan tabarma, da irin tausayin da ban taɓa ganin an nuna wa mai rai ba.

Kullum da la'asar tana zuwa gidan Uwa da rahoto.

"Yau ina kika kai ni?"

"Wanka na biyu, gefen hagu."

"Wato rabina da magarya za ki bari. Raguwa. Ni a shekarunki ina daka buhun gero in tashi in yi rawa."

"Kina tashi dai ki canza zane, ai na sha ganin shanyarki."

Uwa ta yi murmushi ba ta musa ba. Muryarta tana raguwa kowane mako, tsiyar ce kawai ba ta ragu ba. A mako na bakwai Lubabatu ta koma baya, mura ta kama ta, tari ya rushe mata abin da ta gina, kwana uku ba ta wuce wankan farko ba. Ranar ba ta je dubiya ba. Uwa ta aiko a ce mata, ita ma yau ba ta ji daɗi ba, amma ba ta fasa jira ba.

Ba ta cika wata ukun ba. A mako na goma, ranar wata Juma'a cikin Agusta, Uwa ta cika bayan fitowar rana. Tun asuba ake ruwan sama, irin mai sauka tsaye ba iska. Da aka aiko, Malam Hashimu bai ba da haƙuri ba, ya leƙo ɗaki ya dube ta kawai.

Sau biyu tak ta taɓa kai tabarma ƙarshe, kuma duk a rana ce, tsakar gida a bushe. Yau kuwa kwano yana amo, indararo yana kwarara a kowace kusurwa, lungu ya zama rafi. Ta tsaya a bakin ƙofa tana jin garin gaba ɗaya yana tsiyaya. Hannunta ya kai ga tsohon gwangwanin goro, babu komai a ciki. Ta sha rabin kofinta, ta zaga, ta ɗaura ƙunzugu, ta ɗauki magarya da ƙoƙo, ta yafa buhu a ka ta fita.

Khaulat ce ta shiga taya ta, da babbar 'yar marigayiyar. Lubabatu ta rufe ƙofa da hannunta. A bayan tagar ɗakin an tara wata tsohuwar randa a ƙarƙashin indararo, ta cika tana ambaliya.

Abin da ya faru a ciki, nata kawai ta ba ni. Wankan farko ya wuce lafiya. Da suka zo juyawa ta tsuke kafin ta ɗaga, duk da haka ta ji ɗan ɗumi ya sauka, ba ta kula shi ba. A tsakiyar na biyu abin ya taso, kuma ta ce tunda take bai taɓa zuwar mata da irin wannan ƙarfi ba. Ƙafafunta da kansu suka juya wajen ƙofa. Ta ga sakata, taku uku ne tsakaninsu. A bayan sakatar akwai mata cike da rumfa, da wata da za ta leƙa zaure ta ce an gama.

Ta ajiye ƙoƙon. Ta dafa gefen gadon da hannu biyu, ta tsaya cak. Ta tsuke ta saki, ta tsuke ta saki. Khaulat ta gane, ta riƙe hannun 'yar marigayiyar don kada ta yi magana. Ruwa yana dukan kwano, randa tana ambaliya, zufa tana bin bayan Lubabatu. Abin ya hau, ya ƙara hawa, har ta ce a ranta shi ke nan. Ta ja numfashi ta sake tsukewa. Sai ta ji ya tsaya, kamar kogi in ya kai iyakar cikarsa. Sannan ya fara ja da baya.

Ta ɗauki ƙoƙon ta ce, "Zuba mini."

Sau ɗaya ya sake dawowa, a wanka na uku, bai kai na farko ba. Ta sa kafur, ta tufke gashi, ta ɗaure likkafani, ta yi addu'a. Sannan ta zare sakata. Matan rumfa suka ɗaga kai, aka aika zaure, maza suka shigo da makara a cikin ruwa. Ta tsaya a gefe har suka fita da Uwa. Bayan nan ne ta bi ta bayan ɗaki zuwa makewayi, a hankali, ba ta ko ɗaga ƙafa ba. A can ta yi kukanta.

Yanzu wata takwas ke nan. Ƙwallayen dabinon suna nan, ta ce Khaulat ta gaya mata wannan aiki ba shi da ranar sallama. An ci gaba da aikowa daga Kausani da Darki da cikin gari, tana zuwa. Mata uku a unguwar, da suka ji ƙishin-ƙishin, sun zo mata da maganar a ɓoye, kowacce tana cewa wai wata ƙawarta ce. Takan ce su gaya wa ƙawar ta fara zuwa asibiti a gwada ta, sannan ta zo a nuna mata gwangwani.

Ranar da muka yi zama na ƙarshe tana tsinke zogale a faifai, na tambaye ta abin da ya tsaya mini. Na ce, "Inna, ba kya tsoron wata rana ya fi ƙarfinki a cikin ɗakin, ki tsuke ya ƙi?"

Ba ta ɗaga kai daga faifan ba. Ta ce, "Zai iya, 'yar nan, jiki ne. Ranar sai in tsaya a jiƙe in ƙarasa wa baiwar Allah wankanta, in na fito in yi nawa. Ruwa ai bai ƙare a Wudil ba."